Daga Kiskadi Zuwa Wayar Salula: Tarihin Alƙalami da Tawada a Ƙasar Gabas

Gabatarwa

Idan Bahaushen Kano ko na Katsina ya ce ɗansa ya tafi Gabas, ba ya bukatar ƙarin bayani. Kowa ya san neman karatun Alƙur'ani ya tafi, kuma kowa ya san ƙasar da ake nufi, wato wadda ta faro daga bayan Haɗeja, ta ratsa Nguru da Gashuwa da ƙauyukan Jakusko, ta nausa Gaidam, har ta dangana da tafkin Chadi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, ba hadda kaɗai mai zuwa Gabas yake komowa da ita ba. Yakan komo da sana'a a hannunsa. Ya iya feƙe alƙalami, ya iya haɗa tawada iri-iri, ya iya jera baƙaƙe a kan farar takarda su tsaya kamar an auna su, wani ma har yakan iya zayyana.

Dalilin tayar da wannan magana a yanzu shi ne wani yayi da ya kunno kai daga ƙasashen Turai da Amurka, inda mutanen da suka gaji da kallon fuskar waya suke ajiye ta na wasu kwanaki, su koma ga zane da saƙa da ginin tukwane da rubutun hannu. Abin bai tsaya ga ɗaiɗaikun mutane ba. A shekarar 2023 gwamnatin Suwidin ta bayyana aniyarta ta mayar da ƙananan yara ga littattafan takarda da rubutu da alƙalami, bayan ta daɗe tana cika azuzuwa da na'urori. A 2024 kuma majalisar Ostareliya ta zartar da dokar hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafofin sada zumunta. Labarin ya iso jami'o'inmu, ta cikin wayar da ake gudun kuwa, har wasu ɗalibai sun fara kiran abin azumin waya, suna ɗaukarsa sabon ilmi. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin rubutun hannu a yankin Nguru da Gashuwa da Jakusko domin nuna cewa janye jiki daga hayaniya saboda aikin hannu daɗaɗɗen abu ne a nan, yana da sunansa da ƙa'idojinsa, kuma ya riga ya yi karo da kishiyoyi kafin zuwan waya.

Tushen abin

A wajejen shekarar 1470 ne Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu, wanda kufansa yake kusa da Gaidam a cikin Jihar Yobe ta yau. Sarakunan wannan birni suna da wata al'ada da ta taimaka wa rubutu fiye da kowace, ita ce ba da mahram. Mahram takarda ce da Mai yake rubuta wa malami da zuriyarsa, ya ɗauke musu haraji da fita yaƙi da sauran hidimomin sarauta, sau da yawa har ya haɗa musu da ƙasar noma. A kan irin waɗannan filaye ne garuruwan malamai suka tsiro, almajirai suka yi ta kwararowa. Wanda ya dubi mahram da idon tattalin arziki zai ga cewa lokaci Mai yake saya wa malami. Rubuta Alƙur'ani guda yana cin watanni, kuma mutumin da ake tayarwa kullum domin aikin sarki ba zai taɓa kai shi ƙarshe ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na lokaci, domin za mu sake cin karo da shi.

Shaidar abin da waɗancan hannaye suka yi tana nan. A ƙarshen shekarun 1950 wani Bature mai suna A.D.H. Bivar, ma'aikacin hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya, ya ga wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno a hannun masu su, ya ɗauki hotonsu. Ɗaya daga ciki yana ɗauke da shekara ta 1080 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1669. A tsakanin layukan waɗannan littattafai akwai ƙananan rubuce-rubuce na fassara cikin tsohon harshen Kanembu, waɗanda masani Dmitry Bondarev ya shafe shekaru yana nazarinsu daga baya. Baƙaƙen masu kauri ne, masu kusurwa, sun fi kama da tsohon rubutun Kufa da na farkon Magariba a kan wanda Larabawan gabas suke yi a yau. Wannan salo shi masana suke kira Barnawi.

Gazargamu ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, amma alƙalami bai faɗi tare da ita ba. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, littafin da ya kawo muhawarar da aka tafka tsakanin shugabannin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, bai hana mutanen Barno haƙƙinsu ba, ya yaba da himmarsu wajen karanta Alƙur'ani da haddace shi da rubuta shi. Yabon abokin hamayya kuwa ya fi na masoyi nauyi. Dixon Denham, Baturen Ingila da ya iso Kukawa a 1823, ya ba da labarin cewa fatake suna ɗaukar Alƙur'anan da marubutan Barno suka rubuta su kai Arewacin Afirka da Masar su sayar da tsada. A lura da wannan da kyau: takardar daga can take zuwa, a rubuta ta a nan, ta koma can da daraja ninkin-ba-ninkin. Gustav Nachtigal, Bajamushen da ya zo Kukawa a 1870, shi ma ya tarar da garin cike da almajirai daga ƙasashe na kusa da na nesa.

Yankin da muke magana a kansa shi ne ƙofar yamma ta wannan daula. A Nguru Galadiman Barno yake zaune tun ƙarni na 17, yana tsaron iyakar da ta fuskanci ƙasar Hausa. Kudu da shi kuma Badawa ne a cikin fadamunsu, waɗanda a ƙarni na 19 suka kewaye Gogaram da ganuwa a ƙarƙashin Lawan Babuje, garin da yake cikin Ƙaramar Hukumar Jakusko a yau. Duk almajirin da ya baro Kano ko Haɗeja da allonsa a rataye, ta nan zai bi. Tsangaya kuwa abu uku take nema kafin ta zauna, gona da ruwa da itacen hura wutar karatun dare, kuma kwarin kogin Yobe bai rasa ko ɗaya ba.

Kayan aiki

Wanda bai taɓa zama kusa da marubuci ba zai zaci aikin yana farawa ne daga ɗora alƙalami a kan takarda. Yana farawa tun daga daji. Alƙalamin kansa karan gamba ne ko sillen kara, a zaɓo wanda ya bushe ya yi ƙwari, a feƙe shi da aska, a tsaga bakinsa kaɗan domin ya riƙe tawada. Faɗin bakin shi ke yanke kaurin baƙi, saboda haka alƙalamin baƙi dabam, na wasali dabam, na zayyana dabam. Gwanin marubuci ba ya ba wani ya feƙe masa, domin karkatar bakin alƙalami tana bin yadda mutum yake riƙe shi ne, ta wani ba ta yi wa wani daidai.

Tawada iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da ban sha'awa. Ta allo dole ta wanku, tunda yaro zai wanke allonsa ya sake rubutu gobe. Ita ce ake yi da zuge, wato gawayin itace irin na aduwa, a daka shi ya yi laushi, a haɗa da ƙaro da ruwa. Ƙaron ne yake riƙe baƙin ya manne a jikin allo, ruwa kuma yana taɓa shi ya saki. Ta takarda kuwa so ake ta zauna har jikoki. Ita ana yin ta ne da 'ya'yan bagaruwa, waɗannan dai da majema suke jima da su, a jiƙa ko a dafa su tare da kashin maƙera, sa'an nan a tace a sa ƙaro. Ruwan bagaruwa idan ya gamu da ƙarfe sai ya rikiɗe ya yi duhu, ya kama zaren takarda ya shige ciki. Hikimar ɗaya ce da ta tawadar da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da ita, sai dai su da wani ƙullutu na itacen ƙasarsu suke yi, mu da bagaruwa. Tana da haɗarinta. Idan ƙarfe ya yi yawa, a kwana a tashi sai tawadar ta cinye takardar, a ɗaga shafi a ga baƙaƙen sun zama huji. Sanin gwargwado ba a rubuce yake ba, a hanci da ido da yatsa yake, kuma daga malami ake ɗaukarsa.

Bayan baƙar tawada akwai ja ta wasali, da rawaya ta hamza, da tsanwa wadda ake ɗiga wa alifin sadarwa. Takarda ita kaɗai ce baƙuwa. A ƙarni na 19 mafi yawanta daga masana'antun arewacin Italiya take fitowa, irin su na gidan Galvani, ta sauka Tarabulus ko Masar, raƙuma su ƙetaro da ita Sahara. Idan aka ɗaga ta a hasken rana akan ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikinta. Tsadarta ce ta sa ba a barin yaro ya kusance ta sai hannunsa ya nuna a kan allo, allon ma na itacen aduwa ne galibi. Ke nan itace guda ya ba da abin rubutawa da abin rubutawa a kai.

Aikin yana tafiya daki-daki. Marubuci zai fara bin littafin da baƙi zalla. Sa'an nan a dawo a bi shi da wasali, a sa alamar aya, a sa kumsa a kan kowace aya ta biyar, kuri a kan ta goma. Sai mai zayyana ya karɓa, ya ƙawata gefen shafi a wuraren sumuni da rubu'i da nusufi da izu da wuraren sujada, ya cika wasu shafuka da zane mai sarƙaƙiya a farkon littafi da kuma inda aka raba shi kashi huɗu. Wanda ya san aska takwas ta babbar riga da zanen bangon gidajen Zariya da na tabarmin kaba, zai ga danginsu a cikin zayyana. Ba a ɗinke ganyayen. A ƙasan shafi akan rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, don ko sun watse a iya mayar da su. Daga nan sai baduku ya yi tadarishi da gafaka. Kafin Alƙur'ani guda ya shiga gafakarsa ya bi ta hannun mai saran itace da maƙeri da majemi da baduku, ban da masu alƙalami.

Kiskadi da satu

A tsarin tsangaya yaro yana farawa ne a kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. A matakin gardi ne kiskadi yake shigowa. Kiskadi wuri ne a bayan gari, a gindin itatuwa ko a cikin 'yan bukkokin kara, inda gardawa suke keɓewa da allunansu su wuni suna tilawa, nesa da kasuwa da dandali da hirar ƙofar gida. Ba a kai mutum kiskadi don horo. Shi da kansa yake gane cewa abin da yake nema ba zai samu ba matuƙar kunnensa yana jin kiɗan biki da cinikin 'yan koli. Malaman da suka tsara wannan ba su san wayar salula ba, amma sun san abin da take yi, domin gari ma yana yin sa: yanka hankali gunduwa-gunduwa.

Ƙarshen wannan keɓewa shi ne satu, wato mutum ya zauna ya rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, ba tare da duba wani littafi ba. A al'adar Gabas, sai wanda ya haddace kuma ya rubuta ne sunan alaramma yake zama masa daram, gwani kuwa sai an gwada shi a gaban gwanaye an ga ba ya tuntuɓe. Me ya sa ba su wadatu da karatun baki ba? Saboda harshe yana iya zamewa ya wuce wurin da mai shi bai tabbatar ba, mai saurare bai farga ba. Alƙalami ba ya zamewa. Akwai kalmar da ake rubuta ta da alifi a wata sura a sauke shi a wata, akwai wadda take ƙarewa da ta-kuri a nan, a can kuma a buɗe ta, alhali a baki duk ɗaya suke fita. Dole hannu ya zaɓi ɗaya, kuma abin da ya zaɓa yana nan a kan takarda kowa ya gani. Daga wannan bukata ce ilmin harji ya fito, inda gwanaye suke ƙididdige sau nawa kalma kaza ta zo da siffa kaza, da wuraren da ta zo. Idan an gama satu sai a miƙa wa wasu alarammomi su bi shi baƙi bayan baƙi suna neman kuskure.

A nan ne asirin daɗewar wannan sana'a yake. Littafin da aka samu a ƙarshe abin so ne, ana sayar da shi, ana kyauta da shi, ana gadonsa. Amma babban abin da satu yake samarwa shi ne marubucin kansa. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun fara leƙo gefen wannan magana. A farkon 2024 wasu masana biyu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Trondheim a ƙasar Norwe, Audrey van der Meer da Ruud van der Weel, sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa ɗalibai, inda suka ga sassan ƙwaƙwalwa suna haɗa kai sosai lokacin rubutu da hannu fiye da lokacin danna maɓallan kwamfuta. Gwaji ne ƙarami, kuma bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Gwanin Gabas dai ba zai yi mamakin sakamakon ba.

Jirgin ƙasa da maɗaba'a

A 1930 layin dogo daga Kano ya iso Nguru ya tsaya. Ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu yana yin kudu da su, yana dawowa da atamfa da akoko da kwanonin sha da tasoshi. Masaƙa da masu gyaran ƙwarya sun ji a jikinsu, domin abin da suke yi a mako ga shi an jibge a kasuwa da araha. Ana iya zaton marubuci ma hanyar da zai bi ke nan, musamman da yake gwamnatin Turawa ta riga ta zaɓi boko a kan ajami, ta kafa hukumar fassara da talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a 1939.

Ba haka ta faru ba, kuma dalilin yana cikin baƙaƙen kansu. Alƙur'anan da ake bugawa a Masar, musamman bayan bugun Alƙahira na 1924, da ruwayar Hafsu suke, mutanen ƙasar nan kuwa da Warshu suka tashi. Rubutun ma ya saɓa. A wurinmu fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. A bugun gabas fa ce mai ɗaya a sama, ƙaf biyu. Almajirin da ya buɗe irin wancan sai ya ga ƙaf a inda fa take. Ga kuma yamala, wadda idonsa ya saba gani a ƙarƙashin baƙi. Saboda haka da maɗaba'u suka yawaita a Kano da Zariya daga shekarun 1950, 'yan kasuwar littattafai ba su nemi baƙaƙen ƙarfe ba. Marubuci suka nema, ya rubuta da alƙalaminsa, a ɗauki hoton shafin a buga dubbai. Injin da aka zaci zai kashe marubuci sai ya zama ɗan aikensa. Sunan Sharif Bala na Kano ya shiga gidaje da masallatai da yawa a Afirka ta Yamma ta wannan hanya, salon Kanawi mai kauri da tsabta kuma ya bunƙasa har ya yi gogayya da Barnawi, kamar yadda masani Andrea Brigaglia ya bi diddigi ya nuna. Nguru ma ba a bar ta a baya ba a wannan zamani, domin a nan Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975, ya zauna ya yi talifinsa masu yawa, almajirai suna zuwa masa daga nesa.

Kishiya mai ƙarfi ta zo ne daga baya. A 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, alhazai suka riƙa dawowa da mus'hafinta kyauta, makarantun Islamiyya suka rungumi Hafsu, musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986 ta ƙara wa sabon salon karatu martaba a idon matasa. Kasuwar bugun Warshu ta ragu. To amma ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Mus'hafin Madina ɗin nan ba inji ne ya tsara baƙaƙensa ba. Rubutun hannun mutum guda ne, Usman Ɗaha, wanda aka haifa a 1934 a karkarar Halab ta ƙasar Sham. Shafin da ɗalibi yake buɗewa a cikin wayarsa a masallacin jami'a, a mafi yawan manhajoji, hoton aikin alƙalamin wannan dattijo ne.

Zuwan waya

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, kafin shekara goma kuma ta kai ƙauyukan da ba su taɓa ganin wayar tangaraho ba. Amfaninta a wuri kamar Jakusko ba abin musu ba ne. Masunci yana jin farashin kifi kafin ya ɗaure kwali, mai shanu yana jin labarin kasuwa, uwa tana jin muryar ɗanta da yake Gabas, abin da a da sai ta shekara ba ta samu ba.

Mutanen Yobe sun ɗanɗani rayuwa ba waya, ba kuwa da zaɓinsu ba. A ranar 14 ga Mayu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, cikin 'yan kwanaki kuma sojoji suka sa aka rufe layukan waya. A Yobe sai a watan Yuli aka buɗe, bayan harin da aka kai makarantar sakandare ta Mamudo ranar 6 ga watan, inda aka kashe ɗalibai da dama, jama'a kuma suka koka cewa ba su da hanyar kiran agaji. A 2021 an sake yin irin wannan rufewa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Na kawo wannan ne domin duk mai yi wa mutanen yankin nan wa'azin daɗin rabuwa da waya ya san da waɗanda yake magana. Sun san abin da rashinta yake jawowa, ciniki ya tsaya, mara lafiya ya rasa mota, ɗan'uwa ya ɓace ba labari. Rufe layi da ƙarfin soja bai mayar da kowa marubuci ba.

Bambancin kiskadi da wancan a fili yake. Gardi shi ya ɗauki ƙafarsa ya tafi. Yana da aiki sananne mai farko da ƙarshe, yana da malamin da zai duba abin da ya yi, yana da abokan zama masu irin niyyarsa, kuma gari yana kusa, zai shigo ya ci abinci ya ji labari ya koma. Ko hutun Alhamis da Juma'a yana cikin tsarin. A ganina abin da yake kayar da masu azumin waya na yanzu shi ne sun ɗauki janyewar sun bar sauran. Mutum ya kashe waya ya zauna hannu rabbana, ba allo ba malami, kafin la'asar kewa ta ishe shi ya kunna. Ba a kuma ce a mayar da komai na tsangaya yadda yake ba. Lokacin da mahram ya saya wa malaman Gazargamu, a zamaninmu ƙananan yara ne suke biyansa da bara da yunwa, abin da ya fito fili a 2020 sa'ad da gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu saboda annobar korona. Wanda yake son sana'ar ta rayu dole ya amsa tambayar wa zai ciyar da mai koyonta.

Waya ba ta ƙwace wa marubuci kasuwa kamar yadda atamfa ta yi wa masaƙi ba. Hasali ma ta buɗe masa wata, tunda yanzu yana iya ɗaukar hoton shafin da ya zayyana ya aika ta WhatsApp, mai so ya gani daga Legas ko Yamai ya yi oda. Na'urar ɗaukar hoto kuma ita ce take ceton tsofaffin littattafan da gara da damina suke ci. Inda take yin ɓarna shi ne a wajen mai koyo. Satu yana son awa uku ko huɗu a jere, hankali a wuri ɗaya, yau da gobe har watanni, ita kuwa an gina manhajojinta ne domin su kira mai ita kowane ɗan lokaci, saboda da kallonsa kamfanonin suke samun kuɗin talla. A da sai gardi ya taka ya shiga gari kafin hayaniya ta same shi. Yanzu tana cikin aljihun rigarsa, ko da yana gindin aduwa a bayan Gogaram.

Mu ma da muke jami'a ba mu tsira ba. Ɗalibin Hausa yana iya kammala digiri ya rubuta kundi a kan ajami bai taɓa feƙe alƙalami ba, bai san warin tawadar bagaruwa ba. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, shekarar da aka rufe layukan, tana zaune ne a tsakiyar ƙasar alarammomi, kuma babu abin da zai hana sashen harshe ko na zane a kowace jami'ar Arewa ya gayyato gwani ya zauna da ɗalibai zango guda, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane malami, a ajiye wayoyi a bakin ƙofa. A watan Disamba na 2021 hukumar UNESCO ta sa fasahar rubutun Larabci a cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, bisa roƙon ƙasashe 16 da Saudiyya ta jagoranta. Sudan da Muritaniya suna ciki. Nijeriya, mai Barnawi da Kanawi, ba ta ciki.

Ƙaro

Saura abu guda daga cikin kayan marubuci da ya cancanci a bi sawunsa. Ƙaron da yake riƙe tawada daga jikin ɗakwara da danginta yake tsattsafowa da rani, kuma arewacin Yobe yana cikin wuraren da suka fi samar da shi a Nijeriya, shi ya sa Cibiyar Binciken Roba ta Ƙasa ta kafa reshenta na binciken ƙaro a Gashuwa. Sudan da Chadi da Nijeriya su ne manyan masu fitar da shi zuwa kasuwannin duniya. Mafi yawansa a lemon kwalba da alewa da magunguna yake ƙarewa, amma ba duka ba. Tun da Alois Senefelder ya ƙago ɗab'in dutse a Jamus a 1796, da ƙaro ake shafe farantin ɗab'i domin tawada ta kama inda ake so ta bar inda ba a so, kuma daga wannan dabara ce injinan da suka buga rubutun Sharif Bala suka samo asali. Haka nan fentin ruwa da masu zane suke amfani da shi, ƙaro ne yake riƙe launinsa. Baturiyar da ta kashe wayarta a Landan ta sayo ɗan akwatin fenti domin ta koyi zane da hannu, tana jiƙa burushinta ne a cikin abin da wata mata ta tsinto a dajin Kurdufan ko na Yobe, aka auna mata a mudu ranar kasuwa.